MOTAR DA BA A HAWA
Wa'azi a kan tsadar abin hawa, hidimarsa da zakkarsa

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa, muna neman taimakonsa da gafararsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Wa'azinmu na yau a kan mota ne, mota ɗaya tak. A cikin watan Agusta na shekarar 2021, a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, an yi gwanjon wata mota ƙirar McLaren F1 wadda aka ƙera a 1995, aka sallama ta a kan dala 20,465,000. Ba kuskuren ɗab'i ba ne jama'a, dala miliyan 20 da ɗoriya. Abin da ya fi kuɗin ban mamaki kuwa shi ne, a cikin shekara 26 da motar nan ta yi a duniya, tafiyar da ta yi duka-duka kilomita 390 ce, alhali kuwa mota ce wadda ke iya cinye wannan nisa cikin kimanin sa'a ɗaya. Watau an saye ta, an kulle ta a ɗaki, ana ta yi mata hidima, ba a hawa. Kuma rashin hawan nan shi ne ya ƙara mata kuɗi.

Wani zai ce, "Malam, mu da muke fama da kuɗin cefane, ina ruwanmu da motar masu kuɗin Turai?" To, da ruwanmu ɗan'uwa. Na farko, shari'ar da ta yi hukunci a kan jakin talaka ita ce ta yi hukunci a kan motar attajiri, kuma ya kamata mu san hukuncin. Na biyu, yau hotunan irin waɗannan motoci suna cikin wayar 'ya'yanmu, suna kallo suna haɗiyar yawu. Na uku, ciwo idan ya yi girma a jikin wani ya fi sauƙin ganewa, sa'an nan mutum ya koma ya duba ƙaraminsa a jikinsa.

FASALI NA ƊAYA: WACE CE WANNAN MOTA?

Bai halatta mutum ya yi hukunci a kan abin da bai san siffarsa ba. Saboda haka bari mu fara da siffanta ta, kuma mu yi mata adalci.

Kamfanin McLaren na ƙasar Ingila, wanda ya yi suna wajen tseren motoci, shi ne ya ƙera ta a garin Woking tsakanin 1992 da 1998. Wanda ya tsara ta wani injiniya ne haifaffen Afirka ta Kudu mai suna Gordon Murray. Kujerunta uku ne, ta direba tana tsakiya, ta fasinja ɗaya a dama ɗaya a hagu, sun ɗan ja baya. Injinta kamfanin BMW na Jamus ne ya yi shi, mai silinda 12, ƙarfinsa ya wuce na doki 600 a ma'aunin kanikawa. Gangar jikinta ba da ƙarfe aka yi ba, da wani saƙaƙƙen zare ne na kabon wanda aka daskarar da shi da ƙaro, ga ƙwari ga rashin nauyi, har motar gaba ɗaya nauyinta bai kai kilo 1,200 ba. Saboda tsananin zafin injin sai aka shimfiɗa wa ɗakinsa siririn bangon zinariya, kimanin giram 16, domin zinariya tana mayar da zafi.

A 1995 irinta da aka shirya domin tsere ta zo ta ɗaya a tseren sa'a 24 na Le Mans a Faransa. A watan Maris na 1998 aka gwada gudunta a Jamus, ta yi kilomita 386.4 a sa'a guda, kuma a wancan lokaci babu motar hawa kan titi da ta kai ta. Farashinta tana sabuwa fam 540,000 na Ingila, ban da haraji. Guda 106 kacal aka yi: 64 na hawa kan titi, 28 na tsere, sauran na gwaji ne da na musamman.

Wannan aiki ne na gwaninta, ba mu musun haka. Wanda ya ba ɗan Adam basirar narka ƙarfe da auna iska shi ne Allah. A cikin Suratun Nahli, aya ta 8, Allah ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, ya ce ya halicce su domin hawa da kuma ado, sa'an nan ya sanar da mu zai halitta waɗansu abubuwan da mutane ba su sani ba. Malamai da yawa na wannan zamani sun ce mota da jirgi suna cikin wannan. Ku lura, hawa aka fara ambata, ado ya biyo baya. Ku riƙe wannan jeri, za mu dawo gare shi.

FASALI NA BIYU: DAGA INA TSADAR TA FITO?

Shin daga zinariyar nan ne? A'a. A farashin 2021 giram 16 na zinariya bai cika dala 1,000 ba. Shin daga gudu ne? A'a. Tun 2005 wata mota ta ƙasar Suwidin mai suna Koenigsegg ta wuce ta da kaɗan, a shekarar nan dai Bugatti Veyron ta haura kilomita 400 a sa'a. Wannan ya tuna mana da taguwar Manzon Allah (S.A.W.) mai suna Adba'u, wadda ba a taɓa tsere mata ba, sai ran nan wani baƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa sahabbai zafi. Annabi ya sanar da su cewa sunnar Allah ce, babu wani abu na duniya da zai ɗaukaka face Allah ya sauke shi. Buhari ya ruwaito shi daga Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi.

To, daga ina tsadar ta fito? Daga ƙaranci ta fito. Kamfanin ya yi niyyar ƙera kusan 300, amma ta fito a lokacin da tattalin arzikin duniya ya yi sanyi, masu saye suka yi ƙaranci, aka tsaya a 106. Kun ji ikon Allah! Rashin kasuwar jiya shi ne ya zama tsadar yau. Attajiran duniya suna ta ƙaruwa, motar kuwa ba ta ƙaruwa, sai dai ta ragu idan wata ta ƙone. Ga yadda farashin ya riƙa hawa a wuraren gwanjo: a 2008 an sayar da wata a London a kan fam miliyan 2.5 da 'yan kai. A 2013 wata ta yi dala miliyan 8.47, a 2017 dala miliyan 15.62, a 2019 dala miliyan 19.8, sai ta 2021 wadda muka ambata, wadda la'adar masu gwanjo kaɗai a cikin kuɗinta ta haura dala miliyan 1.8.

Masu wannan ciniki abu huɗu suke dubawa. Nawa aka yi irinta? Wa ya taɓa mallakarta? Kayan jikinta na asali ne ko an canza? Kilomita nawa ta yi? Har a 2018 kamfanin ya fito da tsarin ba kowace ɗaya takardar shaidar asali, kamar yadda ake bin salsalar doki. A kan tambaya ta huɗu ne al'amarin ya juye. Duk kilomitar da mai ita ya taka, kuɗinta raguwa yake yi. Saboda haka wanda ya fi kowa son riba shi ne ya fi kowa tsoron hawa. Allah ya sa hawa a gaba, ado a baya. Kasuwa ta ɗauke hawan gaba ɗaya, ta bar ado, ta ƙara da gasa. Wannan gasar ta tara abu da alfahari da shi ita ce Allah ya siffanta rayuwar duniya da ita a Suratul Hadid, aya ta 20, ya kwatanta ta da shukar da ta yi kore shar ta burge manoma, sa'an nan ta yi rawaya, ta bushe, ta karairaye.

Kada kuma wani ya ɗauka farashin nan alkawari ne. Bayan mutuwar Enzo Ferrari a 1988, farashin tsofaffin motocin kamfaninsa ya yi tashin gwauron zabi. A 1989 an sayi Ferrari 250 GTO a kan fiye da dala miliyan 13. Kasuwar ta faɗi, zuwa 1994 ana sayar da irinta ƙasa da dala miliyan 4. Dukiyar da darajarta ke cikin idon mutane, ranar da suka kau da ido ta tafi.

Game da gwanjo shi kansa, jumhurin malamai sun halatta sayar da abu ga wanda ya fi ƙara kuɗi. Abin da aka hana shi ne najashu, watau mutum ya riƙa ƙara kuɗi alhali ba saye zai yi ba, don kawai ya tunzura wani. Annabi (S.A.W.) ya hana wannan, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar. Hukuncin ɗaya ne, ko a zauren gwanjon Kalifoniya, ko a kasuwar shanu. Dillalai, ku ji tsoron Allah.

FASALI NA UKU: HIDIMARTA

Yanzu mu zo ga abin da hoto ba ya nunawa.

Mota idan aka ajiye ta ba hutawa take yi ba, lalacewa take yi. Roba tana bushewa, taya tana tsufa, batir yana mutuwa, mai yana ruɓewa a cikin bututu, raɓa tana cin abin da ta samu. Saboda haka sai an gina mata ɗaki mai na'urar daidaita sanyi da laima, sai an ɗauki masu gadi, sai an biya inshora mai nauyi.

Tankin man McLaren F1 ba na ƙarfe ba ne, wata jaka ce mai kama da salka, irin ta motocin tsere. Tana da wa'adi. Duk bayan kimanin shekara biyar ake son a canza ta, ko an hau motar ko ba a hau ba, kuma ba a kai gare ta sai an sauke injin. Ba kowane bakanike ke taɓa motar ba. Wuraren da aka yarda su gyara ta a duniya 'yan kaɗan ne, sai dai a ɗora ta a jirgin sama a kai ta, ko kuwa a ɗauko bakanike daga Ingila a biya masa jirgi da masauki. Har zuwa 2016 kanikawan kamfanin da wata tsohuwar kwamfuta ƙirar Compaq ta shekarun 1990 suke duba lafiyarta, domin ƙwaƙwalwar motar ba ta jin yaren sababbin na'urori. Motar miliyoyi, ga ta ta dogara da tsohon akwatin da ko yaro ba zai karɓa kyauta ba. Hidimar shekara ɗaya, ko babu abin da ya lalace, tana cin dubun-dubatar daloli.

Idan tsautsayi ya gitta fa? Ɗan wasan barkwancin nan na Ingila, Rowan Atkinson, wanda yara suka sani da Mista Bin, ya sayi tasa a 1997. Shi dai ya hau ta sosai, bai kulle ta ba. A watan Agusta na 2011 ta ƙwace masa ta daki bishiya. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tsira da rauni a kafaɗa. An shafe fiye da shekara ana gyara, kuɗin gyaran ya kai fam 910,000, watau ya fi kuɗin sabuwarta. Attajirin nan Elon Musk shi ma da bakinsa ya ba da labarin yadda a shekarar 2000 ya ɗauko abokinsa a tasa, ya ce masa ya zuba ido ya ga abin da za ta yi, ya taka ta, ta tashi sama da su ta faɗo ta ragargaje, kuma ba ta da inshora. Son a gani, cikin ƙiftawar ido ya cinye dukiya, saura kaɗan ya ci rai biyu.

Kada wani ya ce ai wannan cutar waɗanda ba Musulmi ba ce. A shekarun 1990 gidan sarautar Burunai, ƙasar Musulmi a kudu maso gabashin Asiya, ya tara dubban motoci masu tsada, a cikinsu har da McLaren F1 da dama. Bayan rikicin kuɗi da ya auka wa yankin a 1997 da 1998, aka bar da yawa daga cikin motocin nan a gareji, a ƙasa mai zafi da laima. Waɗanda suka shiga suka gani sun ba da labarin kujerun fata da suka yi funfuna da tayoyin da suka saɓe. Ba mu ambaci wannan don cin naman kowa ba, sai don a gane cewa jarrabawar dukiya ba ta tambayar addinin mutum.

To jama'a, ina tambayarku. Tsakanin mai motar da motar, wa ke yi wa wani bauta? Jaki kana ba shi dusa ya ɗaukar maka kaya. Wannan kuwa kana ciyar da ita, kana gadinta, kana kwana da fargabarta, ita kuwa ko masallaci ba ta kai ka. Manzon Allah (S.A.W.) ya kira wanda zuciyarsa ta rataya da dinari da dirhami da tufa mai ƙawa bawan waɗannan abubuwa, ya yi masa addu'ar taɓewa, domin idan an ba shi ya yarda, idan an hana shi ya yi fushi. Hadisin yana cikin Buhari daga Abu Huraira.

FASALI NA HUƊU: MENE NE HUKUNCI?

A nan sai mu yi hattara. Ba mu da ikon haramta abin da Allah da Manzonsa ba su haramta ba. Haramta halal don nuna tsoron Allah shi ma ƙari ne a cikin addini. Asalin abin hawa halal ne, mai araha da mai tsada. An ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa Annabi ya lissafa abin hawa mai daɗi cikin abubuwan jin daɗin rayuwar mutum. Kuma a cikin Muslim, daga Abdullahi ɗan Mas'ud, wani ya tambaya ko son tufa mai kyau da takalmi mai kyau girman kai ne, Annabi ya nuna masa Allah yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane.

Ma'aunin da ya fi dacewa da wannan mas'ala shi ne hadisin dawaki, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira. Annabi (S.A.W.) ya kasa masu dawaki kashi uku. Na farko, wanda ya ɗaure doki saboda ɗaukaka addinin Allah. Wannan lada ne gare shi, har ciyawar da dokin ya ci da ruwan da ya sha ana rubuta masa. Na biyu, wanda ya ɗaure shi don ya wadatu ya kare mutuncinsa daga roƙo, kuma bai manta da haƙƙin Allah a cikinsa ba. Wannan sutura ne gare shi. Na uku, wanda ya ɗaure shi don alfahari da riya da adawa da Musulmi. Wannan zunubi ne a kansa. Doki ɗaya ne, ciyawa ɗaya ce, niyya ce ta raba su.

Ka ɗora motar nan a kan wannan ma'auni. Da wuya ta shiga kashi na farko, domin ba ta ɗaukar majinyaci zuwa asibiti, ba ta kai malami ƙauye. Tana iya shiga kashi na biyu idan mai ita ɗan kasuwa ne na gaskiya, ya saya da halal ɗinsa domin ya sayar, yana fitar da haƙƙin Allah. Ƙofar kashi na uku kuwa a buɗe take wangwame, don abin da darajarsa duka ita ce "babu mai irinsa sai ni", da ƙyar zuciya ke kuɓuta daga alfahari da shi. Mu ba mu san zuciyar kowa ba. Mai ita ya sani, Allah kuma ya fi shi sani.

Sai kuma almubazzaranci. A Suratul Isra'i, aya ta 26 da 27, Allah ya haɗa umarnin ba dangi da miskini da matafiyi haƙƙinsu da hanin watsa dukiya, ya danganta masu watsa ta da shaiɗanu. A Suratul Furƙan, aya ta 67, ya yabi bayinsa da tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro. Gaskiya ne malamai sun ce abin da yake ɓarna ga talaka ba lalle ya zama ɓarna ga mawadaci ba. Amma barin dukiya ta ruɓe a gareji tozarta dukiya ne ko a hannun wa take, kuma Annabi ya sanar da mu Allah yana ƙin tozarta dukiya.

Sa'an nan ga tambayoyi biyu da ke jiran kowa. Tirmizi ya ruwaito cewa bawa ba zai gusa daga matsayarsa ran ƙiyama ba sai an tambaye shi game da dukiyarsa ta fuska biyu: ta ina ya same ta, kuma a ina ya kashe ta. Wani lokaci tun a duniya ake fara tambayar. A 2016 hukumomin ƙasar Suwizalan sun kama motocin Teodorin Obiang, ɗan shugaban ƙasar Ikwatoriyal Gini, a cikin wani bincike na kuɗi. Aka rufe binciken bisa yarjejeniyar a sayar da motocin a yi wa jama'ar ƙasarsa aiki da kuɗin. A watan Satumba na 2019 aka yi gwanjon guda 25, suka tashi a kan kimanin dala miliyan 27. Idan tambayar ma'aikatan gwamnati ta iya raba mutum da mota 25, yaya tambayar da babu lauya a cikinta?

FASALI NA BIYAR: ZAKKARTA

Wannan ita ce mas'alar da ta fi shafarmu kai tsaye, domin hukuncinta ya hau kan duk abin da ake saye a ajiye ana jiran ya yi tsada.

Idan mutum ya sayi mota don hawansa kawai, babu zakka a kan ita kanta motar, kome tsadarta. Dalili shi ne hadisin Buhari da Muslim wanda ya ɗauke zakka daga dokin da Musulmi ke amfani da shi.

Idan kuwa ya saye ta da niyyar ya sayar ya ci riba, ta zama hajar kasuwanci. Mazhabar Hanafi da ta Shafi'i da ta Hambali sun ce duk shekara zai ƙiyasta kuɗinta a farashin ranar, ya fitar da ɗaya cikin 40, matuƙar ta kai nisabi, watau kuɗin dinari 20, kimanin giram 85 na zinariya. Mazhabar Maliki, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, ta raba 'yan kasuwa biyu. Akwai mudiri, mai juya haja kullum kamar mai kanti; shi duk shekara zai yi ƙiyasi ya fitar. Akwai muhtakiri, mai ajiye haja yana dakon kasuwa ta tashi. Shi sai ranar da ya sayar zai fitar da zakkar shekara ɗaya, ko da hajar ta shekara 20 a hannunsa. Mai ajiye irin wannan mota ya fi kama da muhtakiri. Wanda ya bi maganar jumhuri ya riƙa fitarwa duk shekara, ya fita daga saɓani, kuma ya fi amfanar matalauta.

Idan ya haɗa niyya biyu fa, ya ce zan ɗan riƙa hawa, in ta yi tsada in sayar? Maganar da aka rinjayar a mazhabar Maliki ita ce wannan ma hajar kasuwanci ce.

Mu yi lissafi. Motar dala miliyan 20, a farashin zinariya na 2021, ta ninka nisabi fiye da sau 4,000. Ɗaya cikin 40 nata dala 500,000 ne. Wannan ba kyauta ba ce, haƙƙi ne na mutane takwas da Allah ya ambata a Suratut Tauba, aya ta 60. Rijiya nawa ke cikin wannan kuɗi? Bashin mutum nawa? Marayu nawa?

Wani mai wayo zai ce, "To ni don hawa na saya," alhali agogon motar yana nuna kilomita 15 a shekara. Ɗan'uwa, kana iya faɗa wa malami haka ya ba ka fatawa a kan maganarka, amma fatawa ba ta canza abin da ke cikin zuciya. Ka tuna masu gonar nan ta Suratul Ƙalam, waɗanda suka ƙulla za su yi girbi da sassafe don kada miskini ya gan su. Suka wayi gari gonar ta zama toka. Ka tuna kuma gargaɗin Suratut Tauba, aya ta 34 da 35, ga masu taskace zinariya da azurfa. Abdullahi ɗan Umar ya bayyana cewa taskar da ake nufi ita ce dukiyar da ba a fitar mata da zakka ba. Mai filayen da ya saya yana jiran gari ya iso su, da mai buhunan da ya ɓoye yana jiran bazara, kowa ya je ya tambayi malami hukuncin abin da ke hannunsa tun kafin a tambaye shi.

FASALI NA SHIDA: GA WANDA BA SHI DA ITA

Mafi yawanmu ko a mafarki ba za mu riƙe makullinta ba. Amma mutum yana iya ɗaukar zunubin abin da bai mallaka ba. Ku karanta ƙarshen Suratul Ƙasas. Ranar da Ƙaruna ya fito cikin adonsa, mutane suka kasu biyu. Masu son duniya suka yi burin ina ma su ne. Waɗanda aka ba ilmi suka tsawata musu, suka tuna musu ladan Allah ya fi. Da ƙasa ta haɗiye shi da gidansa, masu burin jiya su ne suka wayi gari suna godiya da ba a ba su ba.

Matasa, ku kula. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Awa nawa kake ɓatawa kana kallon motar da mai ita ma tsoron hawanta yake yi? Daga kallo sai buri, daga buri sai raina sana'ar mahaifinka, daga nan sai damfara ta intanet, ko caca, ko bin masu cewa za su ninka maka kuɗi cikin wata guda. Hausawa sun ce wanda ya hau motar kwaɗayi zai sauka a tashar wulaƙanci. Maganin da Annabi ya ba mu shi ne, a sha'anin duniya mutum ya dubi wanda ke ƙasa da shi, don kada ya raina ni'imar Allah a kansa.

Magidanta, ku ma ku kula. Wanda ya ci bashi da ruwa ya sayi motar da ta fi ƙarfin albashinsa don a ce ya isa, kuɗin makarantar yara suka koma kuɗin taya da bakanike, ciwonsa da na mai gareji a Turai iri ɗaya ne, girma ne kawai ya bambanta. Kafin ka sayi abu, ka tambayi kuɗin riƙonsa, kada ka tsaya a kuɗin sayensa. Zanen aro ba ya rufe katara. Tsohuwar motarka da ke kai iyalinka asibiti da dare, ta ɗauki maƙwabci kyauta, ta kai ka jana'iza da zumunci, wallahi tana iya fin waccan nauyi a mizani.

KAMMALAWA

Abin da muke so a riƙe guda huɗu ne. Abin hawa halal ne, niyya ce ke mayar da shi lada ko sutura ko zunubi. Abin da aka saya don jiran riba akwai haƙƙin Allah a cikinsa, a nemi sani a fitar. Dukiyar da ba ta yi maka aiki, kai ne kake yi mata, to a rage mata wuri a zuciya. Kuma kowa ya tanadi amsar tambayoyi biyu: ta ina, kuma a ina. Abin hawa na ƙarshe da kowannenmu zai hau, mai mota 25 da mai tafiya a ƙasa, makara ce, kuma kafaɗun mutane ne za su ɗauke ta.

Ya Allah ka azurta mu da halal, ka wadatar da mu da shi ga barin haram. Ka sa duniya a hannunmu, kada ka sa ta a zukatanmu. Ka ba mawadatanmu ikon fitar da zakka, ka ba matalautanmu haƙuri da wadatar zuci, ka shiryi matasanmu. Ka gafarta mana da iyayenmu da malamanmu da dukkan Musulmi, ka sa mu cika da imani.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.